Asalin Tsofaffin Kalmomin Turanci da Waɗanda Suka Zauna a Bakin Bahaushe

Lacca da aka gabatar a 'Yankwashi, Masarautar Kazaure, Jihar Jigawa

  

   

Maudu'in da masu shirya wannan zama suka ɗora mini shi ne asali da ma'anar tsofaffin kalmomin Turanci, waɗanda aka daina faɗa ko kuma ba kasafai ake jin su ba. Na tabbata akwai wanda ya ji wannan take ya ce a ransa: yaranmu suna fama da Turancin yau a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, me ya kai mu tonon wanda masu shi ma suka binne? Tambaya ce mai kyau, ita kuma zan yi ta amsawa har in zauna. Ga matsayina a taƙaice: kowace kalma tana da garin da ta fito, tana da hanyar da ta bi. Yaron da ya gane haka ba zai ƙara jin tsoron Turanci ba, ba kuma zai raina Hausa ba. Zan kawo batutuwa takwas, in Allah ya yarda.

Na ɗaya: Turanci da aro aka gina shi

A ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, waɗansu ƙabilu daga arewacin Jamus da Denmak na yau suka ƙetare teku suka zauna a tsibirin Birtaniya. Manya a cikinsu su ne Angil da Sakson. Daga sunan Angil aka sami Ingila da Ingilishi. Manoma ne da makiyaya, harshensu kuma na gida ne da gona. Kalmar “lord”, wadda yau ake kiran manyan masu sarauta da alƙalansu da ita, a tsohon harshen ma'anarta mai tsaron gurasa, wato wanda abincin gida ke hannunsa. “Lady” kuwa mai kwaɓa gurasar. Ashe ba maigida da uwargida ba ke nan? Tun farko ciyarwa ce girma a wurinsu, kamar yadda take a wurinmu.

Daga ƙarshen ƙarni na 8 mahara daga Nowe da Denmak suka riƙa kai musu hari, daga baya suka zauna aka yi auratayya. Su suka kawo “window”, ma'anarta idon iska. Yau ga ta a bakin maginanmu da kafintoci, suna cewa windo.

Babban juyi ya zo a 1066, lokacin da Wiliyam, mai mulkin yankin Nomandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da shari'a, Ingilishi kuwa na talaka. Ku duba abin da hakan ya bari. Dabba tana garke, sunanta na Ingilishi ne, “cow” da “sheep”. In ta zama nama a gaban mai ci, sai ta koma “beef” da “mutton”, na Faransanci. Me ya sa? Talaka ke kiwo, mai mulki ke ci. Haka kalmomin iko: “judge”, “court”, “government”, “prisoner”, “soldier”, duk ta bakin Faransawa suka shiga. Mu kuma muka karɓa muka ce joji, kotu, gwamnati, fursuna, soja. Wato Baturen da ya shigo Kano a 1903 da waɗannan kalmomi, shi ma da takobi aka kai wa kakanninsa su.

Saboda haka, ɗalibai, kada wani ya ce muku Hausa ta gaza don tana aro. Mafi yawan kalmomin da ke cikin ƙamusun Ingilishi aro ne daga Faransanci da Latin da Girkanci.

Na biyu: abin da Turanci ya yar, mu muna da shi

Ga tambaya gare ku, ɗalibai. Yaya ake cewa jibi da Turanci? Sai kun jera kalmomi huɗu. Shekaranjiya fa? Wasu huɗun. To, da can suna da kalma guda ga kowace: “overmorrow” ita ce jibi, “ereyesterday” ita ce shekaranjiya. Akwai su a rubuce-rubucen ƙarni na 16, sai aka bar faɗarsu suka mutu. Jamusawa, danginsu na kusa, har yau suna riƙe da nasu. Mu kuwa muna da gobe, jibi, gata, citta. Muna da bara, bana, baɗi. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, yara nawa ne a zauren nan suke cewa citta?

Turawan da, da dare suke ƙirga lokaci, yadda muke ƙirgawa da kwana. “Fortnight” dunƙulen dare 14 ne, wato mako biyu. Tana nan da rai a Ingila, a Amurka kuwa ba kasafai ake jin ta ba. 'Yar'uwarta “sennight”, dare 7, tuni ta kwanta dama.

Mu muna bambanta kai da ke da ku. Su ma da suna da “thou” ga mutum ɗaya, “ye” ko “you” ga jama'a. Sai aka shiga kiran babba da lafazin jama'a don girmamawa, daidai da yadda yaro mai tarbiyya yake ce wa mahaifinsa ko malaminsa ku. Sannu a hankali “thou” ta zama kamar raini, zuwa ƙarni na 18 ta fita daga maganar yawancin mutane. Yau da kalma ɗaya Bature yake kiran sarki da jariri da taron jama'a.

Wadda ta fi damuna ita ce ta zumunci. Tsohon Ingilishi yana da “eam” ga ɗan'uwan uwa, wato kawu. Yana da suna dabam ga baffa, suna dabam ga gwaggo, suna dabam ga 'yar'uwar uwa. Da Faransanci ya yi ƙarfi, “uncle” da “aunt” suka haɗiye su duka huɗun. To, ku saurari gidajenmu yau. Ba anti da ankal yara ke kira ba? Kawu da baffa da gwaggo, waɗanda Hausa ta karɓa daga Fillanci saboda zaman tare irin wanda ƙasar Kazaure ta sani tun da daɗewa, kowace tana gaya wa yaro ta wane ɓangare mutum ya zama nasa, da irin haƙƙin da ke tsakaninsu. Turawa yaƙi ne ya raba su da nasu. Mu wa ya tilasta mana?

Na uku: kalmomin gona da garke

Mu nan gero da dawa da gyaɗa da wake da dabbobi su ne rayuwarmu, don haka wannan batu namu ne. In malamin gona ya ce eka ɗaya, kalmar “acre” ce. Da farko fili kawai take nufi, daga baya aka tsayar da ita a kan gwargwadon abin da shanun huɗa za su gama a yini ɗaya. Duk mai garmar shanu a Karkarna ko Acilafiya ya san wannan awo a jikinsa, ko bai taɓa shiga aji ba. Akwai kuma “furlong”, wadda yau sai a filin sukuwar dawaki ake jin ta. Ma'anarta tsawon kunya, yadi 220, nisan da shanu ke ja kafin a juya su. Guda 8 ke yin mil ɗaya. Shi kuwa mil daga Latin yake, taki dubu irin na sojan Rum. Inci da oza uwarsu ɗaya, kalmar Latin mai nufin kashi ɗaya cikin 12.

In Bafillatani ya ce zai je ya duba dukiya, kowa ya san garke yake nufi. Turawa ma haka suka faro. “Fee”, wadda ɗalibai suka sani a kuɗin makaranta, tushenta tsohuwar kalma ce mai nufin shanu. “Pecuniary”, wadda lauyoyi ke faɗa in suna nufin abin da ya shafi kuɗi, daga sunan dabbobin kiwo take a Latin. “Cattle”, shanu, da “capital”, jari, tushensu ɗaya. Kun ga makiyayin da ke bin shanu a dajin Gwiwa jari yake tsaro, tun kafin a san banki.

Sai wata mai ban tausayi. “Villain” yau mugu take nufi, azzalumin da ake nunawa a fim. Asalinta kuwa mutumin ƙauye mai aiki a gandun wani. Ba laifin da ya yi. Rainin da masu mulki ke yi wa manomi ne ya ɓata kalmar. Mu ma mu binciki kanmu. Me muke nufi in mun ce wa mutum baƙauye? Wanda ke ciyar da birni bai cancanci sunansa ya zama zagi ba.

Na huɗu: tsofaffin kalmomin kuɗi

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne tsohon Turanci ya fi zama a bakinmu. Iyayenmu da ke nan za su tuna lissafin da: anini 10 kwabo ɗaya, ɗari rabin kwabo, taro kwabo 3, sisi kwabo 6, nai kwabo 9, sule kwabo 12, dala sule 2, fam sule 20. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kafa a 1912, ita ta riƙa fitar da kuɗin ƙasar nan har Babban Bankin Nijeriya ya fara fitar da nasa a 1959.

Sisi daga “sixpence” take, nai daga “ninepence”, sule daga “shilling”, fam daga “pound”, wadda asalinta nauyin azurfa ne a kan ma'auni. Ingila ta bar lissafin sule ranar 15 ga Fabrairu 1971. Mu kuma muka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira 2. Matashi a Landan yau bai taɓa sayen komai da “sixpence” ba. A nan kuwa, wanda aljihunsa ya bushe me yake cewa? Ba ni da ko sisi. Marowaci kuma a ce ko anini ba ya bayarwa. Dattawanmu har yau in lissafi ya zo, fam da jaka ne ke fara zuwa bakinsu, jaka ɗaya fam 100, wato naira 200. Kuɗin sun tafi, kalmomin sun zauna.

Kwabo ya fi su doguwar tafiya. Daga “copper” yake, wato jan ƙarfe, sunan da Turawa ke kiran ƙananan kuɗinsu. Ita kuwa kalmar ta fito ne daga sunan tsibirin Kubrus, inda mutanen Rum ke haƙo jan ƙarfe. Daga Kubrus zuwa Rum, daga Rum zuwa Ingila, daga Ingila zuwa kasuwanninmu. Da aka fara buga jaridar Hausa a Zariya a Janairun 1939, wadda marigayi Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. A 1973 kalmar ta hau kan kuɗin ƙasa, yanzu kuma tana cikin ƙamusun Turawa a matsayin kalmar Nijeriya.

Dala fa? A ƙasar Bohimiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau, akwai wani kwari mai arzikin azurfa da ake kira Kwarin Yowakim. Wajen 1520 aka fara buga manyan kuɗin azurfa a can, ana kiransu na kwari, da Jamusanci “thaler”. Daga nan “dollar” ta fito, wadda Amurka ta kafa dokar bugawa a 1792. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kuɗi, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, ayari ya kawo shi Barno da ƙasar Hausa ta Sahara. Ta rasu a 1780, kuma duk waɗanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekara ce a jikinsu. 'Yan'uwanmu na Babura, ku da kuke ƙetare iyaka zuwa Magarya, kun san a can dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. Kalma ɗaya, iyaka ta raba mata daraja.

Akwai kuma “guinea”, kuɗin zinariya da Ingila ta fara bugawa a 1663 da zinariyar Afirka ta Yamma, darajarsa sule 21. An daɗe da daina buga shi, amma har yau da shi ake yi wa dawakin sukuwa kuɗi a wuraren gwanjo na Ingila. Da wannan suna kuma suke kiran dawarmu da zabonmu.

Na biyar: kalmomin mulki da bariki

A farkon mulkin Turawa akwai jami'in da ke kula da unguwannin soja da na baƙi a garuruwa irin su Lokoja da Zungeru, ana ce masa “cantonment magistrate”. Bahaushe ya taƙaita ya ce kantoma. Muƙamin ya daɗe da shuɗewa. Amma duk lokacin da aka naɗa shugabannin riƙo a ƙananan hukumomi, me rediyo ke kiransu? Kantomomi. Haka Razdan, wanda ke zaune a Kano lokacin da Kazaure take cikin Lardin Kano, da Di'o, da En'e, wadda gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babinta.

Bariki daga “barracks” take, asalinta kuma bukkar soja a harsunan ƙasar Sifen. Mu muka ɗora mata nauyin da masu ita ba su sani ba: ɗan bariki, zaman bariki, barikanci. A cikin wannan kalma kakanninmu suka rubuta hukuncinsu a kan irin rayuwar da suka ga ta tsiro kusa da mazaunin Turawa, nesa da idon dangi. Kanti daga “canteen” yake. A Italiya ɗakin ajiyar giya ne a ƙarƙashin ƙasa, a Faransa shagon soja, a nan kuwa shagon kamfanonin Turawa, waɗanda suka cika Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Yau ga Kantin Kwari, ga kantin unguwa. Asibiti kuma da otal tushensu ɗaya, kalmar Latin mai nufin baƙo da mai masauki. Malaman asibiti da ke nan, majiyyaci baƙonku ne.

Gwamna, in aka bi ta har Girka, matuƙin jirgin ruwa ne. Minista a Latin bara ne, mai hidima. Sanata daga kalmar tsoho take, shi ya sa fassarar Majalisar Dattawa ta zauna daram. Da masu riƙe da waɗannan muƙamai za su riƙa tuna asalin sunayensu, da talaka ya huta: rayukan fasinja amana ce a wuyan matuƙi.

Can ƙetaren iyaka kuwa Bahaushe ɗan'uwanmu yana cewa lakwal, mu mu ce makaranta. Yana cewa mushe ga malamin boko, jandarma ga jami'in tsaro. Harshe ɗaya, Turawa biyu. Wanda ya saurari kalmomin aro zai gane inda aka ja iyaka ko ba a nuna masa taswira ba.

Na shida: inda muka riga Turanci

Ba kullum mu ne masu karɓa daga hannu na biyu ba. Sukari mun same shi kai tsaye daga Larabci, Larabawa sun karɓa daga Farisa, Farisa daga Indiya. Turawa ma daga wannan kalma ta Larabci suka sami “sugar”, wadda ta dawo mana muke cewa suga. Sifiri namu da “zero” da “cipher” nasu duk kalmar Larabci ɗaya ce. “Magazine” daga ɗakunan ajiya take a Larabci, “admiral” daga amir, “alcohol” daga sunan kwalli. “Algebra” daga sunan littafin malamin lissafi Al-Khwarizmi take, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunansa shi kansa aka sami “algorithm”, wato tsarin lissafin da ke zaɓar abin da Facebook zai nuna muku a waya.

Takarda ta zo mana daga harshen Buzaye, amma can asali kalmar Latin ce da Girkanci mai nufin abin rubutu. Daga wannan tushe Turawa suka sami “card”, mu kuma muka ce kati. Ɗaya ta zo a kan raƙumi, ɗaya ta zo a jirgin ruwa, suka haɗu a bakinmu.

Ga kuma wadda ya kamata kowane ɗan ƙasar nan ya sani. Masu yi wa manyan littattafai bango a Ingila suna da lallausar fatar akuya da suke kira “morocco”. Sun sa mata sunan ƙasar Maroko ne domin ta tashoshin Arewacin Afirka take isa gare su. Amma kaso mai yawa na wannan fata jimar majeman Kano da Sakkwato ce, daga jar akuyar ƙasar Hausa, ayari ya ƙetare Sahara da ita. Aikin namu, sunan na wani. Haka ake yi wa duk wanda bai rubuta tarihinsa ba.

Na bakwai: kama da wane ba wane ba ne

Dole in ja kunne a nan. Wannan ilimi yana da daɗi, daɗinsa kuma yakan sa mutum ya ga kalmomi biyu sun yi kama ya ɗaura musu aure. Dala ta kuɗi dabam, Dala ta dutsen Kano da dalar gyaɗa dabam. Ba abin da ya haɗa su da kwarin Bohimiya.

Misali mafi girma shi ne boko. An daɗe ana cewa daga “book” take. A 2013 Farfesa Paul Newman, masanin Hausa, ya yi rubutu ya nuna ba haka ba ne. Boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar amaryar boko da ake fitarwa a biki a ɓoye ta gaskiyar. Kakanninmu ne suka kira sabon karatu da wannan suna saboda shakkar da suka yi masa. Ku gwada da kunnenku: “cook” ta zama kuku, to da “book” muka ara, ai buku za mu ce. Hausa tana da ƙa'idar karɓar baƙuwar kalma, takan raba baƙaƙe da wasali, kamar a asibiti, ta mai da “p” ta zama “f”, kamar a fensir da fam. Kafin ku yarda da asalin kowace kalma ku tambaya: yaushe aka fara jin ta, a bakin su wa, kuma sautinta ya bi ƙa'ida?

Na takwas: aikin da ke gabanmu

Ta yaya muka san duk wannan game da Turanci? Saboda masu shi sun zauna sun rubuta. A 1857 wata ƙungiyar masana harshe a Landan ta kawo shawarar a tattara kowace kalma, rayayya da matacciya, tare da tarihinta. A 1879 aka damƙa aikin ga James Murray, wanda malamin makaranta ne. Ya roƙi jama'a su karanta littattafai su aiko masa da misalai a 'yan guntayen takardu, kuma dubban mutane suka amsa. Ya rasu a 1915 bai ga ƙarshen aikin ba. Sai a 1928 aka kammala ƙamusun Oxford, da kalmomi fiye da 400,000. Har yau ana ƙarawa: a 2020 an sa Kannywood, daga baya aka sa suya.

Mu ma ba mu fara daga banza ba. Ƙamusun Bargery na 1934 yana da kalmomi kimanin 39,000, har yakan nuna wadda ta Katsina ce da wadda ta Sakkwato ce. A 2006 cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa. Amma ba ƙamusun da ya zauna da kowace tsohuwa a Roni, ko kowane maƙeri da masaƙi a 'Yankwashi. Mu muna tsakanin Kano da Katsina da Daura da Damagaram, Hausarmu ta ɗebo daga kowane ɓangare. Yara nawa suka san gayauna da gandu, sungumi da magirbi, mazari da abawa, akushi da taskira? Nawa suka san lefe kwando ne kafin ya zama akwatuna, gidauniya kuma babbar ƙwarya ce kafin ta zama asusun taimako? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Don haka ina da roƙo uku. Malaman Turanci, ku ba asalin kalma minti biyar a kowane darasi. Yaron da ya san “tele” nesa take nufi a Girkanci ya buɗe tarho da talabijin da tangarahu a lokaci ɗaya. Wanda ya san “port” ɗauka ce a Latin ya gane “transport” da “import” da “export” ba tare da hadda ba. Wannan ita ce amsata ga mai tambayar jarrabawa.

Ɗalibai, kowa ya sami littafin rubutu ɗaya. A lokacin hutu ku zauna da kakanninku. Duk kalmar da ba ku sani ba ku rubuta ta, da ma'anarta, da jimlar da aka faɗe ta a ciki, da garin da kuka ji ta. Shugabannin makarantu su tattara, a miƙa wa masana harshe a jami'o'inmu.

Iyaye kuma, a gida a kira kawu kawu, a kira gwaggo gwaggo. Yaro ya koyi Turanci har ya ƙware, muna so, muna kuma buƙata. Amma wanda ya tsaya da ƙafa biyu a harshen uwarsa shi ya fi saurin koyon na wani.

   Mai tambaya ko ƙarin bayani, bismillah, musamman dattawanmu da suka yi ciniki da sule da sisi, muna son ji daga bakinku.